Sunan Lamba Goma Sha Huɗu

Litinin, 7 ga Nuwamba
Ruwa tun safe a Entebbe, na iso aiki a jiƙe sharkaf. Na buɗe farantin gwaji, ba shuɗi ko ɗigo inda na sa magani! Duk ƙwayar jikin da HIV ta shiga shuɗi take komawa, amma waɗanda na zuba wa maganin gwajinmu lamba goma sha huɗu fari tas. Ɗan guntun furotin ɗin da muka haɗa da hannunmu ya maƙale wa cutar, ta kasa shiga. Na yi tsalle har tabarau ya faɗi.

Shugabanmu Dokta Byaruhanga ya leƙo. "Ke Nansubuga, cutar kika zuba ko ruwan shayi?" Na nuna masa ramin farantin da ban sa wa magani ba, shuɗi kamar bula. Ya sunkuya ya sake dubawa.

Talata, 8 ga Nuwamba
Al'adarmu a nan, maganin da ya tare cutar sau uku a jere ana yi masa bikin suna kamar jariri. Sha ukun baya duk ba suna suka tafi. Ina da suna a raina, na Yaya Nalweyiso, wadda cutar nan ta ɗauke ina firamare. A gidanmu ba mai ambatonta, har ni. Ban san ko bakina zai iya ba.

Juma'a, 11 ga Nuwamba
Karo na biyu, fari. Akello, abokiyar aikina, ta ce haƙorana sun tona min asiri.

Laraba, 16 ga Nuwamba
Na fara gwaji na uku, da nau'in cutar da ya gagari sauran magunguna. Ayabar da na dafa ta ƙi shiga.

Juma'a, 18 ga Nuwamba
Ya tare! Akello ta kawo soyayyar fara da lemo, tana guɗa har maigadi ya rugo. Dokta ya ce, "Faranti ba mutum ba ne, da sauran tafiya." Akello ta ce, "Mun ji, Baba, ci fararka. Maijego, wane suna?"

Na faɗa. Nalweyiso. Ya fito.

Lahadi, 20 ga Nuwamba
Na kira Mama na gaya mata sunan. Can ta ce, "Ta fi ki iya rawa, kin sani ko?" Muka yi ta hirarta muna dariya har waya ta yi zafi.

Ban yi kuka ba. To, ba sosai ba.