Baƙin Kati da Shuɗin Biron Baba

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin makon nan ya ƙare, na shiga wani lungu da ba gaba ba baya. Na san in kika ji a kan katin gayyatar biki ne za ki ce ga masu matsalar gaske can suna jiran layi. Ni ma da wata ce ta rubuto da na yi mata dariya. Amma kwanakin nan ko abinci ba ya yi mini daɗi.

Ina cikin shekarata ta biyu da aure. Maigidana buga takardu ne sana'arsa. Shagonsa yana ƙasa, mu muna sama, iyayensa kuma suna sashen baya na gidan. Daga safe zuwa yamma injin yana aiki a ƙarƙashin ƙafata, har cokali yana rawa a cikin kofi. Ba na fita sosai. In na gama aikace-aikacena sai in zauna a bakin taga, wadda ba abin da take kallo sai bangon maƙwabta da tankin ruwansu, in buɗe littafi. Ni mayyar littattafan soyayya ce tun ina makaranta, ƙananan nan da ake cinyewa a zama ɗaya. Maigidan yana tsokanata wai in gobara ta tashi littattafan zan fara fitarwa, in da sauran lokaci in dawo in ɗauke shi.

A cikinsu na fara cin karo da baƙin katin biki, mai kauri, da rubutun ruwan zinari. Tun daga ranar na sa a raina cewa nawa haka zai zama. Na yi ta tara samfura a gwangwanin biskit. Akwai mai sheƙi, akwai mara sheƙi mai laushi kamar karammiski, akwai mai ƙofa biyu da ake buɗewa kamar taga, da wanda aka huda gefensa kamar leshi, da wani baƙi wuluk mai jan fure guda a kusurwa, wanda har yau shi na fi so a cikinsu.

Da aurenmu ya zo na ce tunda mai buga kati zan aura ai na gama dacewa. Ban faɗa masa ba, don a littafi ba a faɗa, ganewa ake yi. Sai ga kati ya iso, kore-kore, da zobba biyu a sama. Daga baya yake ba ni labari, har da alfahari, cewa ragowar kwalin takardun shaidar wata makarantar yara ne, ya ga mai kyau ne ya hana a zubar. Na yi murmushi na ce ya yi kyau. Har yau bai san komai ba.

To yanzu ƙanwarsa, autar gidan, za ta yi aure. Nas ce a asibiti, muna shiri da ita sosai. Surukata, Mama, mace ce da ba ta sakar wa kowa aiki, ko gishiri ba ta taɓa cewa in zuba mata a tukunya ba. Amma ranar da aka zauna rabon ayyukan biki, a gaban 'yan'uwanta ta ce kati a bar wa mai littafi, ita ta san kwalliya. Anti, wannan ne abu na farko da ta taɓa damƙa mini tun da na shigo gidan. Na hau sama ina ji kamar a ranar aka kawo ni.

Na kwaso gwangwanina na sauka shago, muka zauna gaban kwamfuta ni da maigidan. Ya gargaɗe ni cewa baƙi yana nuna shatin yatsa, yana jinkirin bushewa, in an jera shi da wuri sai ya manne da juna. Na ce na ji na gani. Samfurin da ya fito, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Baƙi ciki da waje, mara sheƙi, sunayen da siririn rubutu mai lanƙwasa, zinarin yana ɗaukar ido in an karkata shi wajen haske. Na nuna wa Auta ta dawo daga aiki tana cire takalmi, ta ce duk wanda matar Yaya ta zaɓa ya yi. Ta ɗauki hotonsa ta tura wa angon, shi kuma ya tura wa 'yan'uwansa mata. Babbar yayarsa har kirana ta yi a waya ta ce ba su taɓa ganin irinsa ba, kuma sun riga sun sayi yadin da zai dace da shi. Mama ta nisanta shi daga idonta ta ce rubutun kamar sawun tururuwa, amma in shi ake yayi, to.

Abin da ya fita daga kaina shi ne Baba, surukina. Tsohon akawu ne, kuma duk unguwa an san kyan rubutunsa. A bikin kowane ɗa nasa shi yake zama ya rubuta sunan duk wanda aka gayyata, a kan layin da ake bari a jikin kati, da shuɗin biro, ba ya yarda kowa ya taya shi. Akwai masu ajiye katin saboda rubutun kawai. Bara ya yi rashin lafiya, hannunsa na dama ya koma yana rawa. Shekaranjiya na kai masa shayi na same shi a baranda da faranti a cinya, yana gwada rubuta sunayen mutane a gefen tsohuwar jarida, ga sabon kwalin biro a kusa da shi. Ya nuna mini yana murmushi ya ce hannun ya kusa dawowa, in gaya wa ɗansa a bar masa layi mai faɗi a wannan karon, don na auta ne, daga shi babu wani.

Na hau sama na gwada shuɗin biro a kan samfurin. Ba abin da ya fito sai shatin bakin biron. Na karɓo mai ruwan azurfa a shago, shi kuma bakinsa ƙato, yana santsi, in hannu ya ɗan tsaya sai tawadar ta malale. Ni mai lafiyayyen hannu ma ɓata shi na yi. Baba bai ga katin ba, kowa ya ɗauka wani ya nuna masa. Da na gaya wa maigidan sai ya ce ai inji zai iya buga sunayen nan take, kuma shi nasa bugawa, zaɓi nawa ne, amma dole ya ɗora a inji kafin ƙarshen mako saboda bushewa.

In na canza, dangin ango sun gani sun yi siyayya, Mama kuma za ta ce abu ɗaya ta ba ni na kasa tsayawa a kai. In na bari, ni ce zan karɓe biron daga hannun dattijon nan. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ba na son rabuwa da baƙin. Ina kallon samfurin a kan taga, injin yana bugawa a ƙasa, na rasa wanda zan fara tunkara. Yaya zan yi?

Taki,
Mai littafi a saman bene

*

Ƙanwata mai littafi,

Ban yi dariya ba, sai a wajen gobarar. Damuwarki ta gaske ce, amma lungun bai kai matsin da kike gani ba.

Baƙin kati ba laifi ba ne. Yana da kwarjini in an iya shi, kuma da alama kin iya, tunda baƙin ido sun gani sun yaba. Sai dai kati ba hoton bango ba ne. Aikinsa a karanta shi, kuma wanda aka miƙa wa ya ga sunansa ya san da shi ake. Surukarki ta kasa karanta naki, surukinki ba zai iya rubutu a kai ba. Kenan bai gama haɗuwa ba tukuna, kuma gyara abin da bai gama haɗuwa ba ba kasawa ba ce.

Ki sake duba wasiƙarki. Kin ba katin layuka masu yawa, amma amarya magana ɗaya ta yi, ita ma tana cire takalmi. Ba ta ce baƙi take so ba, cewa ta yi ta yarda da ke. Don haka da ita za ki fara, yau ba gobe ba, amma ki bari sai ta huta ta ci abinci. Ki gaya mata abin da kika gani a baranda. Ita ta yi jinyar hannun nan, ta fi ki sanin abin da rubutun yake nufi a wurinsa. Ki tambaye ta abin da take so, sannan ki yi shiru ki saurara, ko da amsar ba ta yi miki daɗi ba.

In ta ce a bar baƙin, mafita tana cikin gwangwaninki. Wancan mai ƙofa biyu: a bar bayansa baƙi da zinarinsa, abin da dangin ango suka gani ke nan, yadinsu ma bai ɓaci ba. A ciki a sa takarda ruwan madara, mara santsi, wadda biro ke kamawa, da rubutu mai gwaɓi da Mama za ta karanta ba tare da ta miƙe hannu ba, da layi mai faɗi kamar yadda Baba ya roƙa. Kada ki yarda da samfur sai kin kai masa ya gwada da bironsa a kan farantinsa. In ya rubuta suna ya fito, an gama. Sunan da inji ya buga zai fi miƙewa, na sani, amma ba wanda zai ajiye shi.

Mama kuma ki je mata da kanki kafin ta ji a bakin wani. Ki ce kin lura baƙin ba ya karɓar biron Baba, kin gyara. Matar da ta yi shekaru tana kallon mijinta yana wannan rubutu ba za ta kira haka kasawa ba. Ina ma zaton daga nan za ta fara ba ki gishirin.

Shi kuma maigidan, kada ki bar shi ya ɓuya a bayan inji. Mahaifinsa ne, kuma ya fi kowa sanin wace takarda ke karɓar wace tawada. Ki ce masa aikin na ku biyu ne. Sannan, bayan biki ya lafa, ki ba shi labarin koren katin. Ba da fushi ba, don bai yi da mugunta ba, a wurinsa kwali mai kyau ya ba ki. Mutumin da ke yini cikin ƙarar inji ba ya jin abin da ba a faɗa ba. Ki ci gaba da karatunki, ba ni da ja a kai, amma ki riƙa sauka ƙasa kina faɗar abin da kike so da baki, ki kuma riƙa leƙa barandar nan ko ba shayi a hannunki.

Bikin Auta ba zai biya miki naki ba, ko da an buga katin baƙi ciki da waje. Naki kuwa bai gagara ba. Ki ɗauko mai jan furen nan ki ajiye masa a gaban kwamfuta, ki ce ya buga miki guda ɗaya tak, da sunanki da nasa. Wannan ba ya buƙatar layi, don ba wanda za a gayyata.

Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ƙara wa Baba ƙarfin hannu, ke kuma ya ba ki ladan lura da kika yi.

Antinki