Ruwan da Na Buɗe a Lambun Baba

Zuwa ga Yaya Usman, a Dammam.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa ko da yana fushi, ina sanar da kai ban manne bakin wannan takarda ba. Direban da zai kawo ta ya karanta, 'yan majalisarmu ta unguwar Ƙiblatain ma sun riga ka ji. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san a aji huɗu ni da boko muka yi sallama.

Kyautarka ta iso, kuma na ɓata ta da hannuna.

Ka kama mana ɗaki a tsohon gidan nan na zamanin Turkawa da ke hanyar Badar, wanda aka mayar otal, wai mu huta ni da iyali. Shukran. Ko ka manta a lambun wannan gida ne Baba ya ƙare ƙarfinsa yana ba dabino ruwa? Ni da kai a bakin birka, kwamin ruwan lambun, muke cin gurasa, ko matakala ba mu taɓa takawa ba. Yanzu ga ni kan gado mai laushi, ina jin kamar ɓarawon da barci ya kwashe.

Ka ga lambun kuwa? Ciyawa an aske ta kamar kan ango. Furanni layi-layi, wasu ƙarafa na juyawa suna yi musu feshi. Dabinon Baba kuma suna can baya, ganye ya yi fari, ƙasa ta tsage.

Bayan asuba na fita miƙe ƙafa. Na tarar da tsohuwar hanyar ruwa an toshe ta da ƙasa, ga shebur a jingine. Wallahi ban yi shawara ba, hannuna ne ya tuna. Na naɗe riga na buɗe.

Abin da jakin ƙaninka bai lura da shi ba, an rushe rabin hanyar. Ruwa bai je wurin dabino ba. Ya bi ta kan furanni, ya kwashe su, ya shiga rumfar baƙi ya kwanta kan darduma. Mudir, manajan otal ɗin, ya fito da zanen barci. 'Yata Maryam ta rufe fuska, da Larabci ma ta ce mini abin kunya ne, don Hausarta ba ta isa ɗaukar wannan ba.

Ka yi dariya. Na san kana yi.

To saurara. A bakin mudir ɗin na ji, da zarar an gama girbi za su sare dabinon baya, su yi wurin ajiye motoci. Har da doguwar nan ta kusa da birka, wadda Baba ya dasa ranar sunanka. Akwai 'ya guda da ta tsiro a gindinta, sun ce in ɗauka in ina so.

Ni ban iya raba 'ya da uwa ba. Kai Baba ya koya wa, ni yana cewa hannuna na fasa tulu ne. Bai yi ƙarya ba, darduma shaida ce. In na sa ƙarfe zan kashe ta.

Ranar da aka kai Baba maƙabartar Baƙi'a waya ka bugo. Auren Maryam rediyo ka aiko. Inna ta kwanta, ka aiko bargo biyu. Kullum kaya ke zuwa, mai kayan yana aiki. Wannan karon babu abin da za ka saka a kwali, Yaya. Hannunka ake nema.

Har yanzu ina tuna ka a saman doguwar nan kana jeho mini ɗanye, kana cewa in buɗe riga kada ya taɓa ƙasa. Na haƙa wa 'yar rami a tsakar gidanmu, inda Inna za ta riƙa gani daga tabarmarta. Ban gaya mata ko za ka zo ba.

Allah Ya ji ƙan Baba, Ya ba Inna lafiya, Ya karkato da kai gida kafin zarto ya riga ka.

Ni dai na yi wa mudir alkawarin mayar da furanninsa ɗaya bayan ɗaya, duk Alhamis. In ka iso kada ka neme ni a ɗaki. Ka zagayo baya, ina durƙushe inda Baba ya durƙusa.

Ƙaninka,
Abubakar, Bakurin da ka sani