Katakon Faisal

Talata, 9 ga Muharram 1430, Sa'alaba

Faisal ɗan kafilina, maigidan da ya tsaya min a ƙasar nan, zai je duwatsun Lubnan wasan zamiya a kan ƙanƙara. Wai ya wuce ɗan koyo, sabon katako yake so, na gangarawa inda babu hanya. Da yake tsayinmu ɗaya, ni ya aika wani shago a unguwar Safa in gwado masa.

Mai shago ya jingina katakon a jikina, ya kawo min haɓa. Ya ce, "Daidai. Yalla, hau."

Ya ɗaure min ƙafafu. Iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, tana dukan fuskata, har na lumshe ido.

Ya tambaye ni, "Yaushe tafiyar taka?"

Na ce jibi. Ni da fasfona ke kulle a durowar baban Faisal. Ko kwance ƙafafun ban iya ba, sai da na roƙe shi.