Igiyar Manzo Mai Rijiya

Yamai, ranar Lahadi

Zuwa ga Baffa Magagi, Filinge.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Muna. Ɗiyarka ce Haske.

Baffa, na gaji. Ƙafafun Baba sai ƙara mutuwa suke, yanzu ko ban ɗaki sai an tallabe shi. Lokotoro, likitan da ke duba shi, ya ce ciwon a ƙashin baya yake, kuma ba zai yi aiki ba sai ya ga hoto. Injin hoton kuwa rami gare shi kamar bututu. Rigingine ake kwantar da mutum a tura shi ciki, ya yi ta ƙara kamar ana sussukar hatsi, kuma ba a son motsi, ba a kuma shiga ɗakin da ƙarfe.

Zuwanmu na farko, kansa na shiga ya hau salati yana dukan bangon injin. Na biyu sun ba shi ƙwaya, sun sa masa wata roba a hannu, wai ya matsa in ya ji tsoro. Ya jefar da ita, ya ce bai san wanda ke wancan gefen ba. Ya fito sharkaf da zufa, ya ce likkafani kawai ya rage. Yanzu randebu ɗaya suka ƙara mana, wato rana ɗaya ta sake gwadawa. In wannan ma ya wuce mu, sai dai in maido muku shi a zaune.

Abin da ya ɗaure mini kai, mutumin da ya haƙa rijiyoyin Kurfai tun zamanin soja na farko shi ne ke tsoron wannan ɗan rami? Kai ka riƙe masa igiya duk shekarun nan, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka rubuto ka yi masa faɗa.

Ka huta lafiya.
Haske

Hilinge

Haske ɗiyata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Issa mai tireda ya karanta mini, shi ka rubuta wannan. Muna lahiya, sai gwiwa da ta hana ni hawan mota.

Hwaɗa ba ni yi. Ke da lokotoron naki duk ba ku san Manzo ba. Wa ya ce muku rami yake tsoro? Ubanki bai taɓa shiga rami shi kaɗai ba. Kullum da igiya a jikinshi, ni kuma ina bakin rijiya da ɗaya gehen a hannuna. Ku kun tura shi ciki kun hita kun ruhe ƙohwa, yo ba dole ba!

Ga igiyarmu ta auduga nan na ba direba, babu ƙarhe ko kaɗan jikinta. Ki roƙe su su bar ki ciki. Ki ɗaura mishi a hannu, tunda ƙahwa ba ta ji. In ya ja sau ɗaya, tambaya yake ko kina nan, sai ki ja sau ɗaya. In ya ja sau ukku, a hiddo shi. Ki ji da kyau: ukku, a hiddo shi nan take, ko hoto ya lalace, ko su wa za su yi hushi. In kin san ba ki iyawa, kada ki taɓa igiyar.

Ki gaishe shi. Ki ce ya bar ba mu kunya a birni.

Baffanki Magagi

Yamai, ranar Alhamis

Baffa,

Gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Igiya ta zo. Da Baba ya gan ta, sai ya shinshina ta ya miƙo hannu.

Da ƙyar mai injin ya yarda, sai da na cire 'yan kunne da zobe. Ya ja mini kunne cewa in aka tsayar, shi ke nan, akwai mutane a layi. Na ɗaura wa Baba igiyar, aka tura shi. Ya ja ɗaya, na ja ɗaya. Ko nisa ba a yi ba sai na ji uku.

Wallahi Baffa, raina ya ɓaci. Na tuna duk wahalar da muka sha, zuciyata ta ce in yi kamar ban ji ba, ai na ɗan lokaci ne. Amma na ɗaga hannu na yi ta ihu har suka tsayar. Mai injin ya shigo yana ta masifa, ni kuma hawaye kawai nake. Baba ko zufa babu. Ya dube ni ya ce, "Ashe kina ji. Ku maida ni."

Mutumin ya yi tsaki, amma ya mayar da shi. Har aka gama bai motsa ba, sai jan ɗaya jefi-jefi, ina amsawa. Lokotoro ya ga hoton, za a yi aiki, amma bai yi alkawarin ƙafafun za su tashi ba. Zan aiko maka da igiyarka.

Ɗiyarka,
Haske

Hilinge

Haske,

Sannu da ƙoƙari, Allah shi yi miki albarka. Na san zai ja ukku. Haka ya yi mini ranar hwarko a Damana, ko gaba biyu bai sauka ba. Da na hwaɗa miki, da bai zama gwaji ba.

Allah shi ba da sa'ar aiki. Igiya kada ki maido, hannuna ya daina riƙo. Taki ce yanzu.

Magagi