Kafin Ku Goge Lamba Ɗaya

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Masu Motoci,
Kamfanin da ya ƙera motar da ke garejina,
Reshen Amurka.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da na'urar da ke amsa wasiƙu a madadinka. Ita ta fi kowa sanina a kamfaninku. Sau uku na rubuto da Turanci, sau uku ta gode mini, ta ce ra'ayina yana da muhimmanci, ta ba ni lamba. Wannan karon da Hausa zan rubuta, kuma a fili, inda mutanenmu za su gani. Kamfanin da ya iya tallar mota da kowane harshe ba zai rasa mai fassara ba. Akwai wani dalilin kuma, zan zo kansa. Ban ambaci sunanku ba domin ba faɗa nake nema ba. Kun san kanku, kwafin wasiƙar kuma yana hanya.

Ni 'yar Zariya ce, ina zaune a Bowie, ina aiki a ɗakin karatu na jami'a a College Park. Tarihi na karanta. Maigidana ɗan jarida ne, ya yi shekaru yana karanta labarai da Hausa a wani gidan rediyo a Washington. Ya rasu bara, lokacin da ganyaye ke zuba. Ya bar mini 'ya ɗaya, Hauwa, da gida mai ɗakuna huɗu da ni kaɗai nake kwana a ciki, da motarku.

Na ɗaya: littafin tarihinku.

Na gode da kyakkyawan littafin da kuka aiko wa tsofaffin masu sayen motocinku. Na karanta shi daga bango zuwa bango, kamar yadda aka koya mini. Na ga ƙaramar rumfar da mai kamfanin ya fara, na ga yadda kuka tsallake yaƙi da karayar arziki, na ga hotunan iyalai suna dariya a bakin teku. A kusan kowane shafi kun ce mu da ku iyali ɗaya ne.

A matsayina na ɗalibar tarihi, zan ce littafin ya tsaya a rabi. Ya ƙare a ranar da aka miƙa makulli, alhali a nan ne tarihin mota yake farawa. Mahaifina malamin makaranta ne, kuma motarsa ta farko taku ce. Ita ta kai mahaifiyata asibiti ranar da aka haife ni. Ta kai amare, ta ɗauko alhazai daga filin jirgin Kano, ta ɗauki buhunan masara har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Da ta tsufa, wani makanike a Sabon Gari ya riƙe ta da rai shekara da shekaru da waya da guduma da kayan wasu motocin da ba danginta ba. Da ta mutu gaba ɗaya, kaji suka gaje ta a bayan gidanmu. Mahaifina bai yarda an sayar da ita ga masu gwangwan ba har ya bar duniya. Babu hoton wannan a littafinku, kuma ba na zarginku. Na kawo shi ne don ku san cewa wadda ke rubuto muku ba baƙuwa ba ce. Idan da gaske iyali muke, to na girmi yawancin ma'aikatanku a gidan.

Na biyu: kujerar.

Lokacin da maigidana ya tashi sayen mota, bai duba ta wani kamfani ba. Ya ce irin motar surukinsa zai saya, ko da ta canza kama. Akwai wani abu a cikinta da kuka yi alfahari da shi a talla: kujerar direba tana tuna mutum biyu. A jikin ƙofa akwai maɓallai biyu, lamba ɗaya da lamba biyu, kowanne an haɗa shi da makullinsa. Shi dogo ne, irin dogayen da ke sunkuyawa a ƙofar masallaci. Ni kuwa, a ce dai Allah bai tsawaita ba. In ya buɗe motar da makullinsa, kujera ta ja baya, ta ɗan kwanta, madubai su ɗaga kai. In na buɗe da nawa, ta matso gaba har sitiyari ya kusa taɓa ƙirjina. Yakan ce wannan kujera ita ce kaɗai a Amurka da ta san waye maigida. Ni kuma in ce ai na lura ko ita sai an danna mata take tunawa.

Allon gaban motar ma yana gaishe shi da sunansa, tsirara, ba Malam ba Alhaji. Shekara ashirin da bakwai muka yi tare ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Baban Hauwa nake ce masa. Motarku kuwa tun ranar farko ta kira shi kamar tare suka yi firamare. Na yi mata uzuri, ba a gidanmu ta tashi ba.

Na uku: abin da kuka riga kuka goge.

Da ya rasu na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Wurin aikina sun bar ni ina yi daga gida. A ƙasarmu mai takaba ba ta rasa mutane: wannan ta shigo da kunu, waccan ta zauna ta yi shiru tare da ke. A nan, mako biyun farko gidan ya cika da takalma, daga nan kowa ya koma bakin aikinsa, kuma ban ga laifin kowa ba. Maƙwabciyata Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, ita ce ba ta ɗauke ƙafa ba. Ita ta ce mini in ba a tayar da motar ba batir zai mutu. Saboda haka kowace safiya bayan na karya kumallo nakan shiga gareji, in ɗaga ƙofarsa, in tayar da ita na 'yan mintuna.

Ranar farko, makullinsa hannuna ya faɗa a kai cikin kwanon makullai. Na danna. Kujerar ta ja baya, ta ɗan kwanta, madubai suka ɗaga kai. Na tsaya ina kallon wuri daidai tsawonsa, an gyara, ana jiransa. Tun daga ranar ban sake fara buɗe motar da makullina ba. Nakan zauna a kujerar gefe, inda na saba zama in yana tuƙi, rediyo na kan tashar da ya bari, sunansa na kan allo. Na san ƙarfe ne da waya. Na yi karatu, ba sai an faɗa mini ba.

Da na fita takaba, na sami takardarku ta kiranye: a kawo mota a sabunta kwamfutarta, kyauta, aikin awa ɗaya. Na kai ta wurin dilanku mai sayar da motoci. An ba ni shayi a kofin takarda. Da aka dawo mini da ita, allon ya gaishe ni da Direba Na Ɗaya. Tashoshinsa sun tafi. Wuraren da ya adana a taswira sun tafi: ofis, masallacin Juma'a, shagon mai naman halal, gidan abokinsa a Mitchellville, da wani wuri da ya sa wa suna Furen Hajiya, wanda ban taɓa sanin yana nan ba sai bayan rasuwarsa, na kuma yi ta ɗaga ranar da zan bi taswirar in ga shagon da yake sayo mini fure. Yanzu ba zan sani ba. Ma'aikacin ya ce mini, da fara'arsa, an mayar da komai sabo kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Ya jira in yi murna.

Babu wanda ya tambaye ni kafin a yi. Takardar da na sa wa hannu ta tambayi ko akwai kuɗi ko tabarau a cikin motar. Kujerar da madubai kaɗai suka tsira, domin, kamar yadda aka bayyana mini, su nasu tunanin a wani ƙaramin akwati yake a ƙarƙashin kujerar.

Na huɗu, a taƙaice: wasiƙunku gare shi.

Kun goge sunansa a inda nake so ya zauna, kun bar shi a inda ya kamata ku cire. Har yau kuna rubuto masa. Kun taya shi murnar ranar haihuwa. Kun ce kun yi kewarsa, ya daɗe bai leƙo ba. Kun ce lokaci ya yi da zai canza zuwa sabuwa. Na aika muku da takardar shaidar rasuwa sau biyu. Da na kira, aka ce sai mai asusun ya tabbatar da canjin da kansa. Na ce zan sanar da shi.

Na biyar: kiranye na biyu, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Yanzu kun gano cewa wannan ƙaramin akwatin na ƙarƙashin kujera yana da lahani. A wasu motocin, in ji takardarku, kujera takan motsa da kanta ana cikin tafiya. Za ku cire shi ku sa sabo, kyauta. Na tambayi dila ko sabon zai tuna lamba ɗaya. Ya ce a'a, amma abu ne mai sauƙi, mai lamba ɗayan ya zo ya zauna a sake saita masa, minti biyu an gama.

Na yi wata uku ina ajiye takardar a ƙarƙashin kwanon makullai. Hauwa ta gan ta. Ta haihu kwanan nan, namiji, an sa masa sunan kakansa, ga shi yanzu ina da mutum biyu da ba na iya kiran sunansu. Za ta koma aiki, kuma ni ce zan riƙa ɗauko shi daga gidan raino kwana uku a mako. Ta faɗa mini, da Turancinta mai tsabta, cewa ɗanta ba zai shiga motar nan ba sai an gyara. Na yi mata magana da Hausa, ta amsa da Turanci, kamar kullum. Ƙanin maigidana kuma ya bugo daga Zariya ya ce in saka ta a jirgin ruwa kawai in aiko masa, can babu ruwan kowa da kiranye. Rifkatu ta ce, Maman Hauwa, ke fa kin fi ni boko, amma wani lokacin sai in rasa ina bokon yake tafiya.

Ga ɗaya dalilin da ya sa na rubuta da Hausa. Hauwa tana jin Hausa, amma ba ta karanta ta, kuma akwai abin da ban faɗa mata ba. Abin da takardarku ta ce ya riga ya faru da ni. Ina dawowa daga aiki da la'asar, na tsaya a danja kusa da gida, sai kujerar ta fara ja baya a hankali, ba wanda ya taɓa ta. Ƙafata ta fara barin birki. Na miƙe ta iya tsawonta, na riƙe da yatsu, na ja birkin hannu. Motar gabana ta sha da ƙyar, akwai yara biyu a kujerarta ta baya. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba wannan ba ne. Kujerar ta tsaya daidai wurinsa, kuma kafin tsoro ya zo, abin da na fara ji daɗi ne.

Saboda haka ba sai kun lallashe ni ba. Na san abin da ya kamata. Na karɓi lokaci a wurin dila, ranar Alhamis da safe, kuma zan je ko kun amsa ko ba ku amsa ba. Ba zan ɗora jikana a kan kewata ba.

Ga abin da nake roƙo.

Idan akwai hanyar kwashe abin da ke cikin tsohon akwatin a zuba a sabon, ku ba dila umarni ya yi. Ba na tsammanin wannan ya fi ƙarfin kamfanin da ya tsallake yaƙi.

Idan babu, ku ba ni tsohon akwatin. An ce mini doka ce a mayar muku da shi a lalata. Ba zan saka shi a wata mota ba. Mu gidanmu mun iya ajiye abin da ya daina aiki.

Ku daina rubuta wa maigidana. Ba zai canza zuwa sabuwa ba.

Sannan a takardar da ake sa wa hannu kafin gyara, bayan tambayar kuɗi da tabarau, ku ƙara layi ɗaya: ko akwai abin da motar ta tuna wanda mai ita ba ya so a goge? Ba ni kaɗai ba ce. Kun sayar da motoci masu tuna mutum biyu ga gidaje masu yawa, kuma ba a cika barin duniya tare ba.

Jiya na ɗauki tef ɗin awon ɗinki na shiga gareji. Na buɗe da makullinsa, na auna daga sitiyari zuwa jingina, daga ƙasa zuwa mazauni, na rubuta a bayan littafin tarihinku, inda kuka bar shafi babu komai. Na ɗiga jan farce a kan ƙarfen da kujerar ke gudu a kai, daidai inda take tsayawa. Madubai ne na kasa aunawa. Na zauna a wurinsa in ga abin da yake gani, ƙafata ba ta kai ko'ina ba, madubin tsakiya kuma rufin motar kawai ya nuna mini.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya kiyaye duk wanda ke cikin motocinku, ya kai shi gida lafiya. Kai kuma, ranka ya daɗe, Allah ya ja kwananka, ya daɗe bai bar kujerarka babu kowa ba.

Roƙo na ƙarshe, ga wanda zai yi aikin ranar Alhamis. Na san kuna gwada maɓallan in kun gama. Ka gwada lamba biyu yadda kake so, zan sake saita ta. Lamba ɗaya kuwa, in ta goge, ka bar ta haka. Kada ka zauna ka saita ta da tsawonka.

Wassalam.

Maman Hauwa,
Bowie, Maryland.