Rabin Iska

Litinin, 6 ga Mayu

Rabona da asibiti tun shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle. Yau autata Nana Hauwa ta ja ni saboda tarin nan. Wai za a auna iskar da huhuna ke ɗauka. Ni da na shekara hamsin ina busa algaita!

Ma'aikaciyar, Kande, ta maƙala min abin matse hanci, ta miƙo bututun na'ura. "Baba, cika ƙirji ka fesar gaba ɗaya." Na cire abin hancin, na kumbura kumatu, ina busa ina zuƙa ta hanci yadda mahaifina ya koya min. Layin na'urar ya yi ta tafiya bai tsaya ba. Ta ƙyalƙyale da dariya: "Baba, ba biki muka zo ba. Ƙirji nake aunawa, ba kumatu ba."

Ta sake matse hancin. Sau uku na busa. Rabin abin da ya kamata, in ji ta.

Laraba, 8 ga Mayu

Na'ura ba ta san ni ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Bayan azahar na kishingiɗa a zaure, tsakanin barci da farke. Sai na ji taken gidajen unguwarmu Shahuci suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kamar baƙi masu cire takalmi. Na majema, na maɗinka, na mahauta… arba'in da ɗaya. Ba a rubuce suke ba, a ƙirjin nan suke zaune. In ɗaki ya ragu rabi, ina za su kwana?

Talata, 14 ga Mayu

Sunan jikan Alhaji Isyaku. Ina tsakiyar taken gidansu iska ta yanke. Kumatu cike, ƙirji fanko. Muttaka, mai algaitar Ƙofar Wambai da ya shekara goma yana roƙona in koya masa ina ƙi, ya karɓa ya ƙarasa. Amma da jelar taken mahauta! A gidan malamai! Ba wanda ya lura. Har tafi aka yi masa.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na shaƙi maganin da Kande ta ba ni a asibiti sau biyu. Don Nana ta daina surutu ne kawai.

Gobe bayan asuba zan taka gidan Muttaka. Ba koya masa zan yi ba, kuskurensa zan gyara. In ya iya zama, saura arba'in.