Hoton Autata a Shafin Makaranta

"Babu hoton yaron da zai fita daga makarantar nan sai da izinin iyayensa." Hedimasta ne ya faɗi haka a taron iyaye, yana dukan ƙirji, har muka tafa masa. Anti, ki taimake ni da shawara kafin in yi aikin da-na-sani, don wallahi na gaji.

Autata shekararta tara, tana aji huɗu. Duk Juma'a makarantarsu na zaɓar Gwarzon Mako, a tsayar da yaro a bakin ƙofa da kayan makaranta, a ɗauki hotonsa a sa a shafinsu na intanet da kowa ke gani, da cikakken suna da aji. Watan jiya ita aka zaɓa. Ba wanda ya tambaye ni. Ba zan ɓoye miki ba, daɗi na ji, har na tura wa dangi da abokan aiki.

Ranar Talata ina duba wayata, wadda autar tawa take aikin gida da ita tunda yanzu ta waya malamai ke turo aiki, sai na ga saƙonni a cikin wani wasa na yi wa 'yar tsana kwalliya. Ashe da sunanta na gaskiya ta shiga. Wani ne wai ta riƙa kiransa Kawu. Ya taya ta murnar zama gwarzuwa, ya faɗi ajinta, sannan ya tambayi wanda ke ɗaukarta in an tashi. Ita kuwa ta ce ba kowa, da ƙafa take dawowa.

Na je makarantar. Hedimasta ya tura ni wurin malamin kwamfuta. Malamin ya ce shi sa hoto aka koya masa, cirewa sai ya tambaya. Maigidana kuma cewa ya yi in bi a hankali, shi da ke miƙa mata wayarsa duk lokacin da yake son kallon ƙwallo ba surutu. Shekara ashirin ina aiki a ɗakin karatu, na san littafin da ya dace da yaro, amma wannan wayar da ke cikin jakata ta gagare ni. Yanzu kullum sai in baro aiki da rana tsaka in je in tsaya mata a bakin ƙofa.

Na ba makarantar wa'adi zuwa Juma'a. In hoton bai sauka ba, zan zuba saƙonnin nan kaf a zauren iyaye na waya, in cire 'yata daga makarantar.

Uwar Auta

AMSA

'Yar'uwa, fushinki na kan hanya. An yi alkawari an saɓa, kuma wa'adinki ya yi daidai. Amma kada ki zuba saƙonnin a zauren iyaye. Sunan yarinyarki ne zai sake yawo, kuma ita za a riƙa nunawa a aji.

Yau ɗin nan ki ɗauki hoton saƙonnin ki adana, ki kai wa 'yan sanda, sannan ki rufe wasan. Ki rubuta wa hedimasta takarda ki riƙe kwafi, ki ja iyaye biyu ko uku ku tafi tare. Ku nemi a sauke hotunan yaran duka, ba na autarki kaɗai ba. In Juma'a ta wuce shiru, ki kai takardar hukumar ilimi, a nan ne zai ji a jikinsa.

Sai dai ki tuna, a makaranta aka sa hoton, amma a ɗakinki baƙon ya same ta, kuma ke ma kin yaɗa. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba. In kin canja mata makaranta, wayar tana nan. Aikin gida ya koma falo a gaban babba, a toshe hira da baƙi a wayoyinku biyu. Ɗaukarta kuma ku raba da babanta, tunda lallami ya iya.

Ita kuwa kada ki yi mata faɗa. Ki gaya mata ba ta yi laifi ba, don gobe ta kawo miki saƙon da kanta.

Allah ya tsare miki ita, ke kuma ya ba ki hutu.